Sayen Babur na Farko a Kaduna: Yi Ciniki a Kan Kuɗin Fita da Shi

Shekarar da na sayi mashin ɗina na farko, na shiga shago da kuɗin da na yi wata goma sha ɗaya ina zubawa a adashi. Muka yi ciniki da mai shagon, ya ce albarka sau biyu, a na uku ya sallama, na tura kuɗi, alat ya shigar masa. Sai da kuɗin suka bar hannuna sannan yaron shagon ya jawo wata 'yar takarda ya fara lissafi: kuɗin haɗi, kuɗin baƙin mai, kuɗin cajin batir, kuɗin rasit. Ga kuma wani mutum da ya tare ni a bakin titi ya rako ni ciki, yana tsaye gefe yana jiran la'adarsa. Duk abin da na rage a ciniki ya koma inda ya fito, har da ƙari. Ban sami bakin magana ba, domin mashin ɗin yana cikin kwali, ba ya hawuwa, kuɗina kuma suna asusun wani. Na biya, amma abin ya daɗe yana ci mini rai.

Tun daga nan na raka ƙannena da abokan aiki sayen nasu, kuma abin da nake nanata musu guda ɗaya ne. Farashin da ya shafe ka shi ne kuɗin fita da mashin: a haɗe, yana tashi, da mai a cikinsa, da rasit da sunanka. A kan wannan adadin za ka yi ciniki, tun kuɗinka suna aljihunka.

Mataki na farko: me za ka yi da shi?

Wanda yake zaune a Rigasa ko Hayin Ɗanmani, inda damina ke mayar da wasu lunguna taɓo, yana kuma ɗaukar buhu ko goyon mutum kullum, mashin mai tsayi da ƙarfin baya yake buƙata. Shi ya sa Bajaj Boxer ya cika gari, sai TVS da Honda Ace. Wanda kuwa zirga-zirgarsa daga Unguwar Rimi zuwa ofis ce a kan kwalta, da kai yara makaranta, roba-roba irin na Haojue ko Jincheng ya ishe shi. Ba shi da kulocin hannu, yana da sauƙin koyo, kuma ba ya shan mai sosai. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, shan mai ya zama abin dubawa kafin kyawun fenti.

Ga wanda bai taɓa mallakar mashin ba, inji mai 100cc zuwa 125cc ya wadatar. Kafin ka tsayar da zuciyarka a kan wani samfuri, je wurin bakaniken unguwarku ka tambaye shi wanne ne ake samun kayan gyaransa ko'ina. Mashin da sai an aika Legas ko Kano kafin a samo masa ƙaramin ƙarfe, zai kwana a zaure fiye da yadda zai hau titi.

Idan niyyarka acaɓa ce, ka fara da tambayar doka. Tun 2014, zamanin Gwamna Mukhtar Ramalan Yero, aka yi dokar hana acaɓa a cikin birnin Kaduna da wasu garuruwan jihar. A ƙarshen Satumba 2021 kuma gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta hana hawa babur baki ɗaya, na haya da na gida, har wata uku saboda matsalar tsaro. Ka je ofishin KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jihar, ka ji abin da ake ciki yanzu a yankinku, kada ka dogara da hirar majalisa.

Mataki na biyu: raba kuɗinka tun daga gida

Kada duk abin da ka tara ya tafi a kan ƙarfen kaɗai. Ware kuɗin lamba da takardu, kuɗin lasisi, hular kwano mai kyau, sarƙa da kwaɗo, da kuɗin juyen baƙin mai na farko. Abin da ya rage shi ne iyakarka a shago. Rubuta shi, kuma kada ka faɗa wa kowa a kasuwa. Mai shago zai tambaye ka, “Nawa ka zo da shi?” Amsar ita ce, “Alhaji, farashi na zo ji tukuna.”

Mataki na uku: zagaye ba tare da kuɗi ba

Ranar farko ka fita hannu rabbana. Shiga shago uku ko huɗu, kuma a kowanne tambaya iri ɗaya za ka yi: “Nawa zan biya in fita da shi ina hawa, har da komai?” Ka sa a rubuta maka a takarda, ko ka rubuta a wayarka a gabansu. Za ka ga wani ya faɗi farashi mai sauƙi amma jerin ƙarinsa ya fi tsawo, wani kuma nasa ya fi tsada a baki amma ya haɗa komai. Sau da yawa na biyun ne ya fi araha.

Mashinan nan daga Indiya da Sin ake shigo da su, ko a shigo da sassansu a haɗa a nan, don haka farashinsu yana bin dala. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, farashin ya yi tashin gwauron zabo, sabon Boxer ya haura naira miliyan ɗaya. Ma'ana, farashin da maƙwabcinka ya saya bara ba hujja ba ne a gaban mai shago. Hujjarka ita ce farashin shagon gaba na yau. Kada kuma ka bar tazara mai yawa tsakanin zagaye da saye. Kwana biyu zuwa uku ya isa.

Sai maganar 'yan kayi-nayi. Da zarar an ga kana leƙa shaguna, wani zai matso da fara'a: “Yallaɓai, mashin ne? Zo in kai ka inda ya fi sauƙi.” Dillanci sana'a ce ta halal, kuma a wurin sayen na hannu dillalin kirki yana da amfani. Amma sabon mashin a shago buɗaɗɗe ba ya buƙatar ɗan rakiya. Idan ya shiga tare da kai, ko dai ya ɗora nasa a kan farashin ta hanyar ƙiftawa mai shago ido, ko ya tsaya jiran la'ada daga gare ka, wani lokaci duka biyun. Ka gode masa cikin mutunci, ka ce kai kaɗai ka zo. Idan ya biyo ka duk da haka, gaya wa mai shago a gabansa: “Ba tare muke ba.” Mutumin da ya kamata ya raka ka shi ne bakanike da ka yarda da shi, wanda kai ka ɗauko shi kuma kai za ka sallame shi. Ka daidaita da shi tun daga gida, don kada shi ma a saye shi da na goro a bayan shago.

Mataki na huɗu: cinikin kansa

Ka zo da hantsi a tsakiyar mako, lokacin da shago ba cunkoso. Yi sallama, ka gaisa sosai, ka zauna idan an ba ka kujera. Ka nemi magana da mai shagon ko wanda ke da ikon ragi, domin yaron shago ba ya iya sauke farashi, sai dai ya ƙara. Kada ka nuna zumuɗi. Wanda ya shiga ya dafa tanki yana shafawa yana cewa jan nan nake so, ya gama gaya musu cewa ba zai fita ba sai da shi.

Gaskiya ita ce, ribar dila a kan sabon mashin ba ta kai yadda mutane ke zato ba, domin shi ma daga babban dila yake ɗaukowa a kan farashi tsayayye. Idan ka taya rabin kuɗi kamar kana cinikin gwanjo a Kasuwar Barci, zai ɗauke ka ba da gaske kake ba. Ka taya ƙasa kaɗan da mafi sauƙin farashin da ka ji a zagayenka, ka faɗi dalili: “Alhaji, na ji kaza a can, amma na fi son in saya a wurinka. Me za ka yi mini?” Sai ka yi shiru. Bari shi ya cike shirun. Zai ce albarka, za ka ƙara kaɗan, zai sauko kaɗan.

Inda ake samun ragi na gaske kuwa shi ne a ƙananan kuɗaɗen nan, domin yawancinsu shagon ne ke ƙayyade su da kansa.

Kuɗin haɗi aiki ne na gaske. Mashin yana zuwa a kwali, sai an ɗaura tayar gaba, kan mashin, madubai, fitilu da sauransu, kuma yaron da ya haɗa ya cancanci haƙƙinsa. Abin tambaya shi ne ko yana cikin farashin da aka faɗa maka. Idan an nuna maka mashin a haɗe a bakin shago aka faɗi kuɗinsa, to kuɗin haɗaɗɗe aka faɗa, babu dalilin sake cajin ka. Idan na kwali ne, ka nemi a haɗa kuɗin haɗin cikin jimla. In sun tsauwala, kana da damar ɗaukar kwalinka a Keke Napep ka kai wa bakanikenka, amma ka tambaya tukuna ko hakan zai taɓa garanti.

Baƙin mai da batir: mashin ba ya tashi sai da su, don haka suna cikin abin da ka saya. Ka sa bakanikenka ya zaro ma'aunin mai ya duba ko injin ya zo da mansa. Idan za a zuba sabo kuma kai za ka biya, a buɗe robar a gabanka.

Kuɗin rasit kuwa ba na biya, kuma ba na ba kowa shawarar ya biya. Rasit shaidar ciniki ce, haƙƙinka ne. Idan aka ce harajin VAT ne za a ɗora, shi kashi 7.5 cikin ɗari ne tun Fabrairun 2020, kuma sai ya fito a rubuce a jikin rasit mai sunan shagon. Haka kuɗin lodi, kuɗin ƙungiya, kuɗin fita da kaya daga sito: waɗannan hidimomin shago ne, ba naka ba.

Sannan akwai “bari mu yi maka lamba”. Wannan ya fi kowanne faɗi, domin a dunƙule ake faɗinsa. Ka ce a rarrabe maka: nawa ne na gwamnati, nawa ne inshora, nawa ne ladan wanda zai yi zirga-zirgar. Inshorar dole ta babur, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani, naira 3,000 ce a shekara bisa farashin da hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta sa daga Janairun 2023. Idan ka san wannan kaɗai, za ka gane ko an yi maka aringizo a sauran. Ni na fi son mutum ya yi rajistarsa da kansa.

Ga yadda lissafin yake a misali. A ce an sallama maka a kan 1,200,000, sai aka kawo haɗi 15,000, mai da batir 10,000, rasit 5,000, la'ada 20,000. Ka ga 50,000 ta hau ba ka sani ba. Da tun farko ka ce “miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da goma, in fita da shi yana tafiya”, da wuya ya bar ka ka tashi.

Idan ya kafe a kan kuɗi, koma neman kaya. Hular kwano, leda ko rigar kujera, ƙarfen kariya na gaba, kwaɗo, lita biyu ta fetur, juyen mai na farko kyauta. Shi a farashin sari ya same su, ya fi masa sauƙi ya ba ka su da ya rage tsabar kuɗi. In kuma bai motsa ba, ka yi godiya, ka bar masa lambar wayarka, ka miƙe. Na sha ganin an kira mutum kafin ya kai bakin titi. In ba a kira ba, ka san ka taɓo ƙasan farashi ke nan, kuma ba abin kunya ba ne ka dawo gobe.

Da an sallama, kafin ka taɓa waya, maimaita da babbar murya a gaban bakanikenka: “Kaza ne duka, babu sauran ko sisi?” Ya ce babu. A rubuta.

Mataki na biyar: duba ƙarfen kafin kuɗi su fita

Lambobi biyu ne rayuwar mashin: lambar jiki da lambar inji. Ta jiki tana buge a wuyan mashin, ka karkatar da kan gefe za ka gan ta, haruffa da lambobi 17. Ta inji tana jikin injin daga ƙasa. Sa yatsa ka shafa. Bugun kamfani a jere yake, zurfinsa ɗaya. Idan ka ji alamar goge da faifai, ko fenti ya fi kauri a wurin, ka haƙura da wannan mashin komai arharsa. Farkon lambar ma yana magana: na Bajaj da aka ƙera a Indiya yakan fara da MD2, na TVS da MD6, na ƙasar Sin kuma da harafin L. Idan tanki ya ce abu ɗaya lamba ta ce wani, akwai magana. Ɗauki hoton lambobin biyu da wayarka.

Ka tsaya a kan mai haɗi har ya gama. Ranar da muka je sayen na ƙanena, yaron ya gama ya goge hannu ya ce an shirya. Bakaniken da muka zo da shi ya durƙusa, ya sa sifana a kan notin tayar gaba, sai ga shi yana juyawa kamar murfin kwalba. Da hannu kawai aka ɗaura shi aka manta. Yaron ba mugunta ya yi ba, mashin na biyar ke nan da ya haɗa tun safe. Amma da mun hau haka, a gangaren gadar Kawo za mu gane. Don haka a bi kowane noti da sifana: tayoyi, kan mashin, birki, abin taka ƙafa. A duba sarƙa, kada ta yi tauri kada ta yi sako-sako, wasan kamar faɗin yatsa biyu. A kunna da ƙafa, a kunna da maɓalli in yana da shi, a gwada fitila, sigina da hon. A tabbata an ba ka makulli biyu, jakar sifanu da littafin da ya zo da mashin.

Mataki na shida: biya da rasit

Tura kuɗi ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan shagon ko na mai shagon, ba na yaronsa ba, ba kuma na mai POS ɗin gefe ba. Ka rubuta a bayanin turawar cewa kuɗin mashin ne. Rasit ya ƙunshi sunan shago da adireshi, kwanan wata, cikakken sunanka kamar yadda yake a katin NIN, samfuri da launi, lambar jiki, lambar inji, ainihin kuɗin da ka biya, sa hannu da hatimi. Karanta lambobin ɗaya bayan ɗaya, rasit a hannu, ido a kan ƙarfe. Sifili da harafin O, 8 da B, a nan ake kuskure, kuma kuskuren harafi ɗaya ya isa a tsare ka a shingen bincike. Garanti ma a rubuta: wata nawa, me ya ƙunsa, ina za ka kai in ya sami matsala.

Kada ka ba da kafin alƙalami a kan mashin da “yana hanya”. In dole ne, a rubuta ranar da zai iso, da cewa farashi ba zai canja ba, da cewa za a mayar maka da kuɗinka in ranar ta wuce.

Masu saye bashi, a biya kaɗan-kaɗan, su ne suka fi shan wuya. Kada ka tsaya a kan nawa ne duk mako. Ninka shi da adadin makonnin, ka ƙara abin da ka fara bayarwa, ka kwatanta da farashin kuɗi hannu. Tambayi abin da zai faru in ka yi rashin lafiya ka kasa biyan mako biyu: ƙwacewa za a yi? Abin da ka riga ka zuba fa? Sunan wa ke kan takardu kafin ka gama? Duk a rubuta da shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni. Idan yarjejeniyar ta ce kuɗi zai ƙaru duk lokacin da ka makara, ka kai wa malami ya duba maka kafin ka sa hannu.

Na hannu kuwa, sharaɗinsa mai shi ya zo da kansa, da rasit na asali da katin shaidarsa, a rubuta takardar sayarwa da shaidu biyu, in da hali a gaban mai unguwa. Satar mashin ta yi yawa, kuma wanda aka kama da shi a hannu shi ke fara amsa tambaya. Mashin mara takarda ba araha ba ne.

Mataki na bakwai: lamba, lasisi, da makonnin farko

Rajista a hannun hukumar tara haraji ta jiha take, wato KADIRS. Je da rasit, katin NIN da hotunan fasfo, ka biya ta hanyar da ofishin ya nuna maka, ka karɓi shaidar biya. Lambar mashin na gida rubutunta shuɗi ne, ta haya ja. Ka tabbata wadda ta dace da kai aka ba ka. Lasisin babur rukunin A ne, sai mai shekara 18 zuwa sama. Hular kwano kuma tun 1 ga Janairu 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa ta, ga direba da wanda aka goya. Ka sayi mai rufe haɓa da igiya mai ƙarfi, ka riƙa ɗaure igiyar. Asalin takardunka su zauna a gida, kwafi ya zauna a ƙarƙashin kujera cikin leda.

In ba ka iya tuƙi ba, kada ka koya a kan titin Ahmadu Bello ranar da ka saya. Bakanikenka ya kai maka shi gida, ka koya a filin makaranta da yamma, sannan lungunan unguwa, kafin ka tunkari shataletale da tireloli na bayan gari.

Sabon inji yana son lallaɓawa. Kada ka murɗe shi har ƙarshe, kada ka yi masa lodi mai nauyi, kuma ka juye baƙin mai na farko idan ya yi tafiyar kilomita 500 ko abin da littafinsa ya ce, domin ɓurɓushin ƙarfe na sabon inji a cikin man nan yake taruwa. A ranar juyen ka sa a sake bin notuna da sarƙa, domin sukan saki bayan an fara hawa. Sannan ka saba da sa sarƙa da kwaɗo duk inda ka ajiye shi, ko da a ƙofar masallaci ne za ka shiga sallar Magariba ka fito.